Masana'antar da ke Bayan Zaure

Da annobar korona ta sa aka kulle Kano a watan Afrilu na 2020, an yi ta maganar aiki daga gida kamar wani baƙon abu ne da ya zo mana daga Turai. Alhali mu a ƙasar Ɗambatta, da sauran karkarar Kano, gadonsa muka yi.

Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851. Ya lura cewa tufafin da fatake ke kaiwa har Tarabulus da Timbuktu ba a manyan masana'antu ake yin su ba, a gidaje ake yi, mutum na tare da iyalinsa. Mata su gurza auduga su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa, a kai marina, sannan mabuga su buga.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, aikin man gyaɗa da ƙuliƙuli ya ƙara samun gindin zama a tsakar gida. A ƙarnin nan ne kuma auren kulle ya yaɗu a ƙauyuka bayan gushewar bauta. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa da Ɗorayi, ta iske har hatsi mata ke sayarwa daga ɗakunansu, ta kira abin ɓoyayyen ciniki.

Amfaninsa a fili yake. Babu kuɗin mota, babu hayar rumfa. Mace na dama fura, goyonta na bayanta. Abin da ta samu nata ne, miji ba shi da iko da shi. Da shi take zubin adashi, ta sayi akuya, ta tara wa 'yarta kayan ɗaki, ta kuma rufa wa gida asiri in damina ta yi gardama.

Amma aikin ba shi da lokacin tashi, ba shi da fansho. Wadda ba ta ganin kasuwa, farashin da dillaliya ta faɗa mata shi ne farashi. Da injin niƙa ya shigo, masu daka da niƙan kuɗi suka rasa abin yi. Yadin kanti kuma ya kwantar da mazari.

Babbar asarar kuwa a kan yara mata ta faɗa. Kaya ba sa kai kansu kasuwa, sai an ɗora wa yarinya faranti. Da gwamnatin Obasanjo ta kawo ilimin firamare kyauta a 1976, uwa ta shiga tsaka mai wuya: in ta saki 'yarta makaranta jari ya karye, in ta riƙe ta karatu ya wuce ta. Gidaje da yawa sun zaɓi talla, kuma ba don ƙin ilimi kaɗai ba.

Yau matar da ke da waya tana tallata turaren wuta ko atamfa a WhatsApp, kuɗi ya shigo asusunta, mai babur ya kai kaya. Sai dai mai ƙosai da mai awara har yanzu da ƙafar 'yarsu suke isa ga mai saye. Duk shirin da zai mayar da yarinyar nan aji, dole ya fara samar wa mahaifiyarta wata hanyar kai kaya kasuwa.