Sassaƙar lino da buga zane: daga Turai zuwa ɗaliban Zariya

Lino shimfiɗar daɓe ce da Frederick Walton ya ƙago a Ingila wajen shekara ta 1860. Ana haɗa ta da mai, da ƙaro, da garin ɓawon itace, a shafe su bisa algarara. Da yake tana da laushi, kuma ba ta da jijiya irin ta katako, wuƙa tana ratsa ta ta kowace fuska. Mai zane yakan rarake wurin da yake son ya zauna fari, ya shafa tawada bisa abin da ya rage, sa'an nan ya danna takarda. Hoton yakan fito a juye, kamar na hatimi.

Tun farkon ƙarni na 20 malaman makaranta suka gane amfaninta. A Faransa, Célestin Freinet ya shigar da maɗaba'a cikin ajinsa a 1924. Daga baya yaran makarantun da suka bi tafarkinsa suka riƙa ƙawata jaridunsu da sassaƙar lino, domin in aka ɗora ta bisa katako ta kai tsayin baƙaƙen dalma, bugu ɗaya ya isa ya fid da rubutu da hoto tare.

A ƙasar Hausa, tarihin wannan fasaha ya bi ta Zariya. A 1957 Bruce Onobrakpeya, mutumin Urhobo haifaffen 1932, ya shiga kwalejin fasaha da kimiyya ta garin, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tsarin koyarwa na Ingila ne, malamai kuma galibi Turawa. A 1958 shi da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Manufarsu ita ce a karɓi dabarar Turai, amma a cika ta da tatsuniyoyi da adon gida. Can Onobrakpeya ya gwada hannunsa ga lino da katako.

Gwajin bai tsaya cikin aji ba. A 1962 shi ya yi zanen littafen Cyprian Ekwensi, An African Night's Entertainment, labarin da ya gudana a ƙasar Hausa. Daga baya ya lura cewa allunan lino da aka gama bugu da su suna da kyawun kansu, sai ya riƙa shafa musu launin tagulla yana baje su a matsayin aikin fasaha.

Wannan tarihi ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci. Babban mutum da ke koyon karatu hoto yake fara dubawa kafin baƙi. In rumbu ko garmar da aka zana masa ba irin na garinsu ba ne, sai ya ɗauka littafen ba domin shi aka yi ba. Ɗaliban Zariya sun nuna cewa ɗan ƙasa, da wuƙa da guntun lino, yana iya zana abin da mai karatu zai shaida.