Yadda ake ƙera hoton cikin ɗaki da manhaja mai araha har ya yi kama da na gaske

Da dama daga cikin hotunan falo da ɗakunan kwana masu ƙyalli da ake gani a tallan rukunin gidaje, ko a sanarwar ayyukan gwamnati, ba kyamara ce ta ɗauke su ba. A kwamfuta aka gina ɗakin, aka shimfiɗa masa tayil, aka kunna masa fitila, sannan manhaja ta lissafa yadda haske zai sauka a kan kowane abu. Kamfanin kayan ɗaki na IKEA, na ƙasar Suwidin, ya bayyana a 2014 cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na hotunan kayayyakinsa ta haka ake samar da su.

Manhajojin da ake amfani da su

A da, aikin na manyan kamfanoni ne masu iya sayen manhaja mai tsada. Yanzu lamarin ya sauya. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta zama kyauta ga kowa tun 2002, bayan masu amfani da ita sun yi karo-karo na Yuro dubu 100 suka fanshe ta daga hannun masu jari. Da ita aka shirya fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya lashe kyautar Oscar a 2025. SketchUp na da samfuri na kyauta a intanet don zana bango da ƙofofi, yayin da Twinmotion ta zama kyauta tun 2024 ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba.

Abin da ke sa hoto ya yi kama da gaske

Na farko shi ne awo. Idan ƙofa ta kauce wa tsayin kusan mita 2.1, ko teburin cin abinci ya yi nisa da santimita 75, ido kan gane akwai matsala tun kafin hankali ya gano ta.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci, haske. Injin Cycles, da aka saka cikin Blender a 2011, yana bin sawun haske daga taga zuwa bango, daga bango zuwa rufi, kamar yadda yake faruwa a zahiri. Shi ya sa jar darduma kan ɗan rina farin bangon da ke kusa da ita. Launin hasken ma da awonsa: kwan fitila mai ruwan ɗorawa kusan Kelbin 2,700 ne, hasken rana tsaka kuwa ya kai wajen 6,500. Cikin ɗaki ya fi waje wahala domin haske kaɗan ke shiga, hoton sai ya fito da ɗigo-ɗigo. Manhajar tana da sashen da ke tace shi, abin da ke rage wa ƙaramar kwamfuta awanni na aiki.

Na uku, aibu. Babu katakon da bakinsa ke da kaifin reza, babu kujerar da ba ta lotsa. Ƙwararru kan dusashe gefen kaya, su sa ƙarce a tayil da ninki a labule. Shafin Poly Haven na bayar da fatar katako, dutse da yadi kyauta don wannan aiki.

Abin lura ga mai kallo

Sauƙin da ya buɗe wa matasa masu zanen gini hanyar sana'a, shi ne kuma ya sa kowa ke iya nuna asibiti ko ajin makaranta da ko tubali ɗaya ba a aza ba. Akwai alamun da kan tona asiri: zanen katako da ke maimaita kansa, tukwanen fure iri ɗaya sak, bango babu soket babu waya, da taga mai kallon wurin da bai yi kama da unguwar ba. Sai dai gwani na iya rufe su duka.

Saboda haka irin wannan hoto alkawari ne kawai. Kafin a biya kuɗin gida, ko a yaba wa hukuma kan aiki, abin nema shi ne adireshin wurin, takardar amincewa da tsarin ginin, sunan ɗan kwangila, da kuma zuwa a gani da ido.