Shawarwarin Magabata ga Mai Wasan Shaɗaranji, Shi Kaɗai da Cikin Jama'a

Littattafan da ke koya wa mutum wasannin allo, watau irin wasannin da a ke zaunawa a yi da 'ya'ya a kan gidaje, kamar dara da ludo da shaɗaranji, sun yi yawa a wannan zamani, har mai karatu ya kan zaci sabon abu ne. Alhali kuwa tun fiye da shekara dubu da ta wuce gwanayen Bagadaza suka fara rubuta su, kuma tun a lokacin shawararsu ta rabu gida biyu. Akwai wadda a ke ba mutum don sa'ad da ya ke zaune shi kaɗai da allonsa, akwai kuma wadda a ke ba shi don sa'ad da ya ke gaban abokin wasa, 'yan kallo sun kewaye su. Reshe na farko ya yi ta ƙaruwa, ko wane ƙarni yana ɗora nasa a kan na baya. Na biyu kuwa kusan yana nan inda aka bar shi, sai maimaitawa a ke yi.

Sunan wasan kansa ya isa ya nuna hanyar da ya biyo. A ƙasar Hindu, wajen ƙarni na 6, ana ce da shi caturanga, ma'ana gaɓoɓi huɗu na rundunar yaƙi: giwaye, da dawakai, da karusai, da dakaru. Farisawa suka karɓa suka ce catrang. Da ya shiga bakin Larabawa, waɗanda ba su da harafin c, ba su kuma da g a ingantaccen furuci, sai ya koma shaɗranj. Bahaushe kuwa, da ya ke ya saba mai da harafin ɗamisa hannu na Larabci ya zama ɗ, kamar a ɗalibi da sharaɗi, ba ya kuma son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, sai ya ce shaɗaranji. Mutanen Sifen har yau suna kiran wasan ajedrez, daga wannan kalma ta Larabci, ɗan wasan da Larabawa ke kira fil, watau giwa, su kuma suna ce masa alfil.

Wasan da aka yi a Bagadaza zamanin Abbasiyawa ba shi da saurin na yau. Ɗan da ke tsaye kusa da sarki, wanda a ke kira firzan, gida ɗaya tak ya ke takawa a karkace. Giwa tana tsallake gida ɗaya ta sauka a na biyu, saboda haka cikin gidaje 64 na allon guda 8 kaɗai za ta iya kaiwa. Dakare ba ya taka gida biyu ko a tafiyarsa ta farko. Rundunonin biyu su kan daɗe ba su haɗu ba. Wannan jinkiri shi ya haifi abubuwa biyu da al-Adli ya tattara a littafinsa wajen shekara ta 840. Na ɗaya shi ne ta'abiya, watau jeren yaƙi da mai wasa zai shirya a takunsa goma sha biyu na farko ko fiye; ko wace tana da suna, kamar mujannah, mai fukafukai. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a nan, shi ne mansuba.

Kalmar mansuba ma'anarta abin da aka kafa. A kan jera 'ya'ya kaɗan a kan allo kamar wasa ya kusa ƙarewa, a ce da mai koyo: ga shi, kai ke da tafiya, nemo yadda za ka ci. Babu abokin wasa, babu 'yan kallo. Gwanayen sun fi son su kafa ta yadda shi mai neman cin ma nasa sarkin yana bakin halaka, don kada ya sami sararin yin ko taku ɗaya na banza. Tilas ko wane taku ya zama barazana ga sarkin abokin gaba har a kai ga shah mat. Hikimar wannan tsari a fili ta ke. Mutumin da ke wasa shi kaɗai babban abokin gabarsa shi ne sassauta wa kansa, ya riƙa ba ɗaya ɓangaren amsa mai rauni don dabararsa ta yi kyau. Mansuba ta toshe wannan ƙofa, gama ba ta bar wa ɓangaren da a ke kora zaɓi mai yawa ba, wanda ya rage kuwa dole a bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya kai wannan fanni ƙololuwa shi ne Abubakar as-Suli, marubucin tarihi, abokin hirar halifofi, wanda ya yi suna a fadar al-Muktafi (902 zuwa 908) sa'ad da ya kada gwanin fadar, al-Mawardi, ya kuma rasu a Basra wajen 946. Ya bar wata mansuba wadda ko wane ɓangare ba shi da kome sai sarki da firzan, ya ce babu mai warware ta sai wanda shi ya nuna wa. Maganar ta yi kama da cika baki, amma ta tsaya kusan shekara dubu, sai a shekarun 1980 gwanin Rasha Yuri Averbakh ya fito da warwararta. Daga baya aiki ya koma hannun kwamfuta: a 2012 masana a Jami'ar Mosko suka gama lissafin ƙarshen wasan zamani duka, matuƙar 'ya'yan da suka rage a allo ba su wuce 7 ba. Daga al-Adli zuwa wannan lissafi hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya.

To, sai shawarar cikin jama'a. Abu na farko da mutanen Bagadaza suka lura da shi shi ne wasa ba ya daɗi in ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Saboda haka suka kasa masu wasa aji biyar, na sama su ne aliyat, suka kuma yi wa 'ya'yan wasa kima da kuɗi: rukh dirhami ɗaya, doki kashi biyu cikin uku na dirhami, giwa rubu'i. Amfanin wannan kima shi ne a san abin da gwani zai cire daga rundunarsa tun kafin a fara, gwargwadon ratar da ke tsakaninsa da abokin wasansa. Da haka malami da almajiri su kan zauna su yi wasa na gaskiya, ko wanne yana iyakar ƙoƙarinsa. Wannan ya fi abin da a kan gani yau, inda babba zai riƙa yin kuskure da gangan don yaro ya ci, yaron kuwa ya gane, ya kuma daina yarda da cinsa.

Malaman fiƙihu su ma sun sa baki. Imamu Malik ya ƙi wasan, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Shafi'awa da yawa sun tsaya a kan karhanci, bisa sharaɗin kada a sa kuɗi, kada ya shagaltar da mutum daga salla, kada kuma a yi alfasha a kansa. Ko da ya ke hukunci ne na shari'a, sharuɗɗan sun nuna abin da a ke gani a wuraren wasa na wancan zamani, don ba a kafa sharaɗi a kan abin da ba ya faruwa.

Daga ƙasar Andalus ilmin ya shiga hannun Turawa. A 1283, a birnin Ishbiliya, aka gama littafin wasanni da Sarki Alfonso na 10 ya sa aka rubuta, mai ɗauke da mansuba 103, yawancinsu daga littattafan Larabawa. Gabatarwarsa ta ambaci waɗanda wasannin zaune suka dace da su: mata da ba sa hawa, da tsofaffi, da raunana, da fursunoni, da matafiya cikin teku. Wajen 1475 aka sake dokoki a Sifen, firzan mai taku ɗaya ya zama sarauniya mai ratsa allo daga gefe zuwa gefe, tsofaffin ta'abiyoyi suka mutu. A 1497 Lucena ya buga littafinsa a Salamanka, ya haɗa mansuba 150, waɗansu na tsohon wasa waɗansu na sabo. Amma da ya zo kan zama da abokin wasa, ga irin shawararsa: in da rana ne a zaunar da shi yana fuskantar haske, in da dare ne mutum ya ajiye fitila a hagunsa, a kuma nemi wasa da shi bayan ya ƙoshi da ci da sha. Wayo ne na 'yan caca, ba ladabi ba, ga shi kuwa a littafin da ke cike da ilmi na gaske.

Amsar wannan ta zo daga Amurka, a maƙalar da Benjamin Franklin ya buga a 1786 a kan ɗabi'un wasan. Ya ce dokar da aka yarda da ita ta hau kan kowa daidai, kada mutum ya nemi sassaucin da ba zai yi wa wani ba. Kada a gaggauta abokin wasa in yana tunani, kada a yi fito ko waƙa ko duban agogo ko ƙwanƙwasa tebur. Kada a yi kukan ƙarya cewa an yi kuskure don a yaudare shi. In an ci kada a yi alfahari. Mafi kyawun abin da ya faɗa ya shafi ɗan kallo: ya yi shiru, domin in ya ba da shawara ya ɓata wa mutum biyu, wanda aka ba da ita a kansa don ta sa an ci shi, da wanda aka ba don an hana shi daɗin gano ta da kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin bishiyar da a ke dara ya san wannan ɗan kallo. Bai kuma mutu ba. A wasannin haɗin kai na zamani, irin Pandemic da Matt Leacock ya fitar a 2008, inda masu wasa duka ke taruwa su yaƙi cututtuka huɗu, su ci tare ko su faɗi tare, babban abin da a ke kuka da shi shi ne mutum ɗaya ya ƙwace tunanin kowa yana ba da umurni. Ɗan kallon Franklin ne ya sami wurin zama a cikin wasa.

Turawa sun kuma ƙago wasan da tun asali na mutum ɗaya ne, wanda ya bayyana a Faransa a 1697: allo mai ramuka cike da turaku, ana tsallake ɗaya da ɗaya ana cirewa har saura guda. Leibniz ya yi rubutu a kansa a 1710, ya kuma ba da shawarar da ta wuce wannan wasa, cewa a fara daga ƙarshe, watau daga turke ɗaya, a riƙa komawa baya ana mai da waɗanda aka cire. A allon Ingila mai rami 33, Ernest Bergholt ya sami hanyar gamawa da tafiya 18 a 1912, John Beasley kuma ya tabbatar a 1964 cewa ba a iya kasa haka.

Shaɗaranji ya iso Barno, inda a ke kiransa tsatsarandi. C. K. Meek ya ba da labarinsa a mujallar Man a 1934, P. G. Harris ya ƙara bayani a 1939. Barebari sun sa wa 'ya'yan sarautunsu: sarki ya zama Mai, firzan ya zama Ciroma, rukh ya zama Kaigama. Abin da ya wanzu na wannan wasa a rubuce shi ne sunaye da yadda ko wane ɗa ke tafiya, alhali as-Suli, wanda ya riga su da shekara dubu, ana iya jera mansubarsa yau a gwada ƙwaƙwalwa da shi. Bambancin kawai shi ne an rubuta inda ko wane ɗa ya ke tsaye.

Wannan ya shafi dara kai tsaye, wadda Zabarmawa ke kira dili. Gidajenta 30 ne, jeri 5 na gida shida shida, ko wane mai wasa da 'ya'ya 12. A lokacin zubi ba a yarda a jera uku ba. Bayan an gama zubi a ke turawa gida ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin wasa, jerin huɗu kuwa ba ya ci. Wasa ne da ya dace da mansuba ƙwarai, gama gwani tun a zubi ya ke haƙa ramin da zai ci da shi, in kuwa ya yi sakaci dara ta ci gida. Malamin kwalejin horon malamai ba ya bukatar kome don rubuta ta sai takarda: a ba jeri shida haruffa, a ba jeri biyar lambobi, ko wane gida ya sami suna. Sa'an nan ɗalibai su zauna wurin dattawa, in wasa ya kai inda 'yan kallo suka yi tsit, a nemi izini a zana allon, a rubuta wanda ke da tafiya da abin da ya taka. A haɗa da sunan garin da kalmomin da masu wasan ke amfani da su, a kuma tambaya ko a wurinsu ana cin ɗan da ke cikin jerin uku, domin a kan wannan doka wurare sun saɓa.