Asalin Kalma: Gidan Fada

In baƙo ya tambayi hanyar gidan Fada a Shendam, za a nuna masa gidan limamin cocin Katolika, ba fadar sarki ba. A rubuce kalmomin ɗaya ne, amma asalinsu daban. Wannan Fada daga kalmar Ingilishi Father ta samo asali, wato uba. Hausa ba ta da sautin da ke tsakiyar kalmar, sai baki ya mayar da shi d.

Limaman ƙungiyar Katolika ta SMA, wadda aka kafa a Liyon ta Faransa a 1856, sun sauka Shendam a 1907. Ba su yin aure, don haka zaman gida ɗaya suke yi: kowa da ɗakinsa, akushi ɗaya, ga ɗakin addu'a. Galibi makaranta da ɗakin shan magani na kusa, a kira harabar duka mishan.

A Sudan kuwa, Bahaushe zai fi jin ana kiran limamin coci Abuna, wato babanmu da Larabci. A kiyaye dai da lanƙwasa wajen rubutu: gidan faɗa wani gida ne daban.