Darmar da Ba a Ɗora Kan Sikeli Ba

Kakana mafarauci ne a wani ƙauye gefen Malumfashi. Da ido yake zaɓar harsashin adakarsa, yau guntun darma, gobe yankan ƙarfe daga maƙera. Da wuya guda biyu su zo daidai a nauyi, shi ya sa kowane harbi da inda yake faɗawa. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta, in aiki ɗaya ya riƙa ba da sakamako daban-daban, sai mu ce akwai ɓaraka.

Ba basira muka rasa ba. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa an ƙera igwa an haɗa albarushi a Zinder. Amma tun 1849 Minié na Faransa ya fito da harsashin darma mai siffa ɗaya da nauyi ɗaya. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka ci Kano da bindigar Maxim, harsasanta na masana'anta, kamar an tsaga kara.

Har yau ɗan sa-kai a ƙauyukan Funtua harba-ka-ruga ce a kafaɗarsa, ɓarawon daji kuwa AK-47.