Takardar Indijin: Mece Ce, Wa Take Taimaka Wa, Wa Take Hana Wa? Bayani Daga Yola

Duk wanda ya haifi yaro a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, akwai ranar da za a ce yaron nan ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, wadda muke cewa takardar indijin. Ranar cike fom ɗin jami'a ce, ko ranar neman aikin soja, ko neman tallafin karatu. Ni ɗan Yola ne, gidanmu ba nisa da tafkin Njuwa, babana kuma falken shanu ne, daga Ngurore da Mubi yake lodi zuwa kurmi. Kusan duk gidan da muka sauka a Kudu sai an tayar da zancen nan: fifikon da gwamnati ke ba 'yan asalin wuri adalci ne ko wariya? Shi ya sa na tattara abin da doka ta ce da yadda abin yake a ƙasa, don amfanin 'yan'uwa mazauna Kudu.

Mece ce takardar?

Takarda ce da ƙaramar hukuma ke bayarwa, tana shaida cewa kai ɗan asalinta ne. Daban take da takardar haihuwa, daban take da lambar NIN. Ba ta damu da inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji ba, asalin babanka da kakanka take bi. Yawanci ana farawa ne daga mai unguwa ko jauro, ya ce ya san gidanku, sai hakimi ya sa hannu, sannan a kai sakatariya a buga hatimi. Kuɗi da ƙa'idoji sun bambanta daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan.

Wuraren da aka fi neman ta su ne shiga makarantun gwamnati da jami'o'i, aikin gwamnatin tarayya da na jiha, shiga soja da 'yan sanda da kwastan, da tallafin karatu na jiha. Jami'o'in jihohi da yawa kuma kuɗin makarantar ɗan jiha daban, na baƙo daban.

Abin da tsarin mulki ya ce

Tsarin mulkin 1999 da baki biyu yake magana a kan wannan batu. Sashe na 41 ya ce kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin zama duk inda ya ga dama. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, ko addini, ko wurin da ya fito. Sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati ta tabbatar kowa ya samu cikakken haƙƙin zama a duk faɗin ƙasa, sai dai wannan sashen yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye.

A ɗaya gefen kuma, sashe na 14 ya ce a raba muƙamai yadda wata jiha ko ƙabila ba za ta mamaye gwamnati ba. Sashe na 147 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya ɗauko aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma dole ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 318 ya bayyana ɗan jiha da cewa wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. To amma bai faɗi shekara nawa al'umma za ta yi a wuri kafin a ce tana da asali ba. Daga wannan shirun rigimar ta samo tushe, don an bar hukuncin a hannun shugabannin ƙananan hukumomi.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tsarin mulki bai sa sharaɗin zama ɗan asali ba wajen tsayawa takarar gwamna ko ɗan majalisa. Zaɓe kuma inda ka yi rajista nan kake yin sa.

Daga ina abin ya samo asali?

Tsoron mamaya ne ya haife shi. A shekarun 1950 gwamnatin Sardauna ta fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Arewa, saboda 'yan Kudu sun yi mana nisa a boko. A 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink don ya saurari koken ƙananan ƙabilu da ke tsoron manya za su danne su bayan 'yancin kai. Bayan yaƙin basasa, tsarin mulkin 1979 ya shigar da raba daidai cikin doka. A 1996, zamanin Abacha, aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa. A ƙa'idarta, kowace jiha za ta samu tsakanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na ma'aikatan hukumar tarayya, mutum ba zai yi iƙirarin ƙananan hukumomi biyu ba, matar aure kuma jihar iyayenta za ta ci gaba da bi. Wannan ƙa'idar ta matan aure ta yi tsiya a 2012, lokacin da aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda haihuwar Anambra ce amma gurbin Abiya, jihar mijinta, aka ba ta.

Inda tsarin ya taimake mu

Nan ne ya kamata mu faɗi gaskiya. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe uku: kashi 45 na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari baya a boko. Adamawa da Kano da Katsina da Sakkwato duk suna cikin wannan rukuni na uku. A jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya ta 2013, an nemi ɗan Anambra ya ci maki 139, ɗan Adamawa 62, yaro namiji daga Yobe kuwa maki 2. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Legas, kotun kuma ta ce wannan bambanci ya saɓa wa sashe na 42. Ka ga kenan abin da muke kira gata a Abuja, shi ɗan Anambra ke kira wariya. Kukan da muke yi a Ibadan kuwa, irinsa yake yi a kan makarantar tarayya.

Inda ya cuce mu

Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, fataken shanu da goro suka raya ta. Akwai gidajen da an haifi kaka a can, an haifi uba a can. Idan jikan ya je neman takarda a garin, sai a ce ya koma garinsu. Idan ya koma Arewa, mai unguwa ya ce bai san shi ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wani ɗan yayan babana da aka haifa a kurmi, Yarbanci ya fi Fillanci zama a bakinsa, sai da babana ya tsaya masa da kansa wajen jauro kafin aka sa masa hannu. Wanda ba shi da kawu irin wannan fa? Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan irin waɗannan mutane a 2006, ta nuna yadda ake rufe musu ƙofar aiki da karatu a jihohin da aka haife su.

Abin ya wuce Hausawa kaɗai. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan jihar ba, yawancinsu kuma Ibo ne 'yan'uwansu daga maƙwabtan jihohi. A Jos, rigimar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo ta ci rayuka a 1994 da 2001 da 2008, kuma duk ukun daga muƙami ko zaɓe wutar ta tashi.

Misalin Yola da Jimeta

Yola gari ne mai kyau a duba, don a nan kowa yana da wanda ya tarar. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Kafin nan Bata da Verre suna yankin, kuma bikin kamun kifi na Njuwa al'adar Bata ce ta ƙauyuka irin su Rugange da Njoboliyo. Jimeta kuma ta girma ne da cinikin bakin kogin Binuwai, Hausawa da Barebari da Nufawa suka zauna, daga baya Ibo da Yarbawa suka zo. In an ce asali shi ne wanda ya riga zuwa, daga wace shekara za a fara ƙirga? Bahaushen Jimeta da kakansa ya zo zamanin Turawa, a wace ƙaramar hukuma zai karɓi takarda in ba Yola ta Arewa ba?

Kwanan nan ma an sake taɓo zancen. A Disambar 2024 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya ƙirƙiro sababbin masarautu bakwai: Huba, Madagali, Michika, Fufore, Gombi, Yungur da Maiha. Ƙabilun da suka daɗe a ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa da Sarkin Mubi sun ce yanzu ne aka ba su haƙƙinsu. Wasu kuma suka ce an rage wa masarautar Fombina ƙarfi ne kawai. A Yunin 2025 sai ga takardar gwamnati cewa masu zaɓen sarki da 'yan majalisar sarki dole su zama 'yan asalin masarautar. Nan take jaridu suka ce abin zai shafi Atiku Abubakar, Wazirin Adamawa, don shi mutumin Jada ne, Jada kuma a masarautar Ganye take. Gwamnati ta ce ba wani mutum ta nufa ba. Ko ma dai yaya ne, in har za a iya tambayar tsohon mataimakin shugaban ƙasa asalinsa a Yola, to ina ga ɗan mai shayi a Fatakwal?

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ɗan Ibo da aka haifa a Jimeta, ya yi firamare da sakandare tare da mu, yana jin Hausa kamar jakin Kano, shi ma in ya tashi neman takarda sai ya nufi Imo ko Inugu. Abin da muke nema a Legas, shi ma shi yake nema a wurinmu.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon baya suna cewa in aka cire fifikon, manyan ƙabilu da masu kuɗi za su kwashe komai. Ƙaramar ƙabila kamar Yungur ko Verre ba ta da wata jihar da za ta koma, nan kaɗai take da shi. Suna kuma cewa tsere tsakanin yaron da makarantarsa ke da malamai da wanda ke zaune a ƙasa ba tsere ba ne. Wasu ƙasashe ma suna da irinsa: Indiya na ware gurabe ga ƙabilun da aka danne, Malesiya na fifita Malayawa tun 1971.

Masu suka suna cewa takardar ba ta auna talauci. Ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja yana shiga da gurbin Adamawa, yaron ƙauyen da aka yi gurbin dominsa yana gida yana kiwo. Suna cewa tsarin ya raba 'yan ƙasa gida biyu, ya kuma buɗe ƙofar sayen takarda. A Amurka, Kotun Ƙoli ta soke fifikon launin fata wajen shiga jami'a a Yunin 2023.

Akwai kuma taimakon da bai bi ta asali ba. Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 yanayin rayuwa ta duba, shi ya sa makarantunta suka haɗa 'ya'yan Fulani makiyaya da 'ya'yan masunta na bakin teku. A ganina nan gyaran yake. Taimakon wanda aka bari baya daidai ne. Ɗaura shi a kan ƙauyen kaka shi ne kuskuren. A duba makarantar da yaro ya yi, da ƙarfin iyayensa, da shekarun da suka yi a gari.

An taɓa gwada gyara?

An gwada. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda aka haifa a jiha, ko ya shekara goma a cikinta, ko aure ya kai shi, damar zama ɗan jihar. Suka ta yi yawa, musamman daga masu tsoron a kwace musu ƙasar gado, sai ya janye shi a watan Yuli. Tarihi kuwa ya nuna abin ba gagara ba ne. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, falken shanu daga ƙasar Sakkwato, shi mutanen Inugu suka zaɓa magajin garinsu na farko.

Abin da mazaunin Kudu zai yi yanzu

Kafin doka ta canza, a yi wa yara takarda tun suna firamare, lokacin da dattawan da suka san gidan suke raye. A riƙa kai su gida ko da sallah ce, mai unguwa ya san fuskarsu. A tabbatar suna da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma sun zo ɗaya a takardar haihuwa da NIN da fom ɗin JAMB, don saɓani kaɗan yana hana yaro gurbi. Kada a karɓi takardar ƙananan hukumomi biyu, kada kuma a saya wajen ɗan kan hanya, ana korar mutum daga aiki ko makaranta a kanta. A adana rasit ɗin haraji da na shago da takardun fili, su ne shaidar zamanka a gari. A yi rajistar zaɓe a inda ake zaune, don kansila ya fi jin maganar unguwar da ke da ƙuri'a. Wanda abin ya ɗaure masa kai ya fara da fadar Sarkin Hausawan garinsu, ko ofishin hulɗa na jiharsa da ke Legas ko Abuja.

Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.