DOGON DA BAI ISO JALINGO BA

Duk wanda ya yi lodin doya a Dan Anaca ko ya ɗauko shanu daga Iware ya san abin da kuɗin mota ke ci a cikin uwar kuɗi, balle riba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwayi tarihin jirgin ƙasa, don yaranmu da aka haifa a nan da yawa ba su taɓa ganinsa da ido ba.

Jalingo dai ba ta taɓa samun layin dogo ba, tun daga kafuwarta a zamanin Sarkin Muri Muhammadu Nya a 1893. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau da ƙafa suka zo, da jakai. Su kuwa kamfanonin Turawa, ruwa suka bi. Jirgin ruwa ya kan hauro Binuwai da damina ya tsaya Ibi da Lau da Numan har Yola, ya kwashi gyaɗa da riɗi da auduga, ya sauke gishiri da yadi. Da ruwa ya janye, sai kuma baɗi. Bature ya ga kogi na yi masa aiki kyauta, don me zai shimfiɗa ƙarfe?

A can ƙasar Hausa kuwa dogo ya isa Kano tun 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi zuwa Kafancan, an kuma gama gadar Makurɗi a 1932. Namu yankin sai a jajibirin 'yancin kai aka tuna da shi. A 1958 Bankin Duniya ya ba Nijeriya bashin dala miliyan 28, bashinsa na farko ga ƙasar nan, aka ja layi daga Kuru kusa da Jos. Ya isa Bauci a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Ya bi ta arewa da kogi, ya bar mu a kudu.

To amma duk da haka mun ci moriyarsa, kuma a nan ne zancen yake. Tashar Gombe ita ta zama tasharmu. Iyayenmu kan ɗora kaya a mota ta Numan, su kai Gombe, su kama tarago. Mu da muka taso 'yan rakiya a shekarun 1980 mun riski ƙarshen abin. Jirgin ba shi da sauri, gaskiya. Ƙaramin layi ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, kuma in an ce ƙarfe takwas zai tashi, to ka tanadi abincin dare. Sai dai jirgin talaka ne. Kowace 'yar tasha sai ya tsaya, mai buhu biyu ya shiga, mai kwandon kaji ya shiga, almajiri da allonsa ya shiga, mata na ta tallan dafaffen ƙwai da rake ta taga. Ba ka buƙatar jarin cika mota kafin ka yi fatauci. Da yawa daga cikin alhazan da muke girmamawa a unguwannin nan da buhu biyun suka fara.

Yadda ya mutu ba dare ɗaya ba ne. Kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, gwamnati ta karkata ga titin mota, manya suka sayi tireloli, dogo kuma aka bar shi da tsofaffin kawuna da ruɓaɓɓun katakai. An ɗauko Indiyawa a 1979 suka riƙe shi 'yan shekaru, ya ɗan farfaɗo, suna tafiya ya koma gidan jiya. A 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ba wani kamfanin Sin, CCECC, kwangilar gyara ta sama da dala miliyan 500. An kawo sababbin kawuna da taragai, amma fatake ba su ga canjin da aka yi musu alkawari ba. Daga baya rikicin Boko Haram ya ƙarasa ɓangaren Maiduguri.

Da aka dawo kan maganar dogo, sai kuɗin ya nufi wani gefen. Abuja zuwa Kaduna a 2016, Wari zuwa Itakpe a 2020, Legas zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin aka aza harsashin Kano zuwa Maraɗi, muna kuma murna, ai gida ne. A watan Maris na shekarar Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, amma abin da aka buɗe a 2024 shi ne guntun Fatakwal zuwa Aba. Waɗancan sababbin jiragen na mai jaka da takarda ne. Mai buhu biyu fa?

Mun ɗanɗana kuɗar rashin zaɓi sau biyu a jere. A 2023 aka janye tallafin mai, kuɗin mota ya ninka. A 2024 ruwa ya karya gadar Namnai a kan hanyar Wukari, kaya suka yi ta jiran kwale-kwale da fito a bakin ruwa kamar zamanin kakanni.

Abu guda ya canza wanda ba kowa ya lura ba. A 2023 an gyara tsarin mulki, yanzu jiha ma tana da ikon gina dogo, ba sai Tarayya ba. Taraba ita kaɗai ba za ta iya ba, mun sani. Amma ita da Adamawa da Gombe suna zama teburi ɗaya a taron gwamnonin arewa maso gabas. Muna roƙon shugabannin ƙungiya, da 'yan kasuwar hatsi da na kara, mu rubuta takarda ɗaya mu sa hannu, mu kai wa 'yan majalisarmu. Abin da za mu nema a ciki: a tayar da jirgin Gombe zuwa Kafancan tukuna, mai tsayawa kowace tasha, da taragon kaya, sannan a auna hanyar Gombe zuwa Numan zuwa Jalingo.